Murmushin Aro

Shin mamaci yana da haƙƙi a kan fuskarsa? Shekara goma baya ba wanda zai ɓata lokacinsa a kan wannan tambaya, domin hoto hoto ne, inda aka ajiye shi nan za a tarar da shi. Yau kuwa yaro mai waya da 'yar data zai ɗauki hoton kakansa da ya rasu tun kafin a haife shi, ya loda a manhaja, cikin 'yan mintuna sai ga tsoho yana ƙifta ido, yana juya kai, yana dariya. A nan unguwarmu ta Ekoudou, wadda mutanen Yaounde suka fi sani da Briqueterie, abin ya zama ruwan dare a zaurukan WhatsApp na dangi, musamman idan ranar rasuwar wani ta zagayo.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin matsayin hoto a unguwa irin tamu. Sunan Briqueterie ya samo asali ne daga wurin yin bulo na zamanin Jamusawa, waɗanda suka bar Yaounde a farkon 1916. Kakanninmu fatake ne da mahauta da maɗinka da malamai da suka gangaro daga arewa suka zauna, kuma ba mutanen ɗaukar hoto ba ne. Gidaje da dama abin da suka mallaka na tsohonsu bai wuce hoton katin shaida ba, ko na fasfon aikin Hajji. Wannan ɗan guntun kati shi ne shaidar da jikoki a Garoua da Ngaoundere da Kano za su kalla su ce ga kamannin mai gidanmu. Abin da yake guda ɗaya tak kuwa, taɓa shi ba wasa ba ne.

To, me na'urar take yi wa hoton? A watan Fabrairun 2021 kamfanin MyHeritage ya fito da Deep Nostalgia, wadda ta fara yaɗa wannan yayi a duniya. Yadda take aiki shi ne an riga an ɗauki bidiyon wasu rayayyun mutane suna murmushi da waige, sai a ɗora motsinsu a kan fuskar da ke cikin hoton. Wato murmushin da ka gani a fuskar kakanka na wani ne, aro aka yi masa. Manhajojin da suka biyo baya, irin su Kling da Dream Machine da suka fito a 2024, sun zarce haka. An horar da su da ɗimbin bidiyoyi, don haka sai su yi hasashen abin da ya kamata ya biyo bayan hoton na tsawon daƙiƙa biyar ko goma. Haƙoran da ba su fito a hoto ba na'ura ce ke ƙirƙiro su, haka tafiya, haka runguma. A 2025 kuma Veo 3 ta Google ta zo da murya. Ƙirƙirarriyar basira ba ta san tsohonka ba. Abin da ta sani shi ne yadda yawancin mutanen da ta gani suke motsi, kuma yawancinsu ba 'yan Ekoudou ba ne.

A gidanmu akwai hoto ɗaya na kakata tsaye kusa da ɗanta na fari, yayan mahaifina, da tazara tsakaninsu, kowa ya kalli gabansa. Har ta koma ga Mahaliccinta ba a taɓa jin ta ambaci sunansa ba, saboda kunyar ɗan fari. Wani ƙanena ya sa hoton a manhaja, sai ga Hajiya ta juyo ta rungume shi tana shafa masa kai. Yara suka yi ta tura alamar zuciya da hawaye. Goggo kuwa ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kai ɗan nan, wa ya koya wa Hajiya rashin kunya bayan ranta?" Ya ce, "Goggo, ai don ki ji daɗi na yi." Ta ce, "Na sani. Amma tazarar nan da ka share, ita ce uwata."

Wannan magana ta Goggo ita ce gundarin abin da nake son faɗa. Mutum ba hanci da ido kaɗai ba ne. Akwai abin da yake yi, akwai abin da ya ƙi yi da gangan, kuma a wurin Bahaushe na biyun nan shi ake kira kamala. Tsohon da ya tsuke fuska gaban mai hoto zaɓi ya yi. Idan muka sa shi ƙyalƙyala dariya, mun ƙwace masa zaɓin a lokacin da ba shi da bakin cewa a'a.

Na san akwai hujja a ɗaya ɓangaren, kuma ba ƙarama ba ce. Marayan da bai taɓa ganin motsin mahaifiyarsa ba, wa zai hana shi daƙiƙa biyar na sanyin zuciya? A watan Yunin 2025 Alexis Ohanian, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Reddit, ya wallafa bidiyon da aka yi daga hotonsa da mahaifiyarsa marigayiya, ya ce ya yi ta maimaita kallonsa. Ban ga laifinsa ba. Wani kuma zai ce ai hoton situdiyo ma shiri ne, da labulen zane a baya da agogon aro a hannu. Gaskiya ne. Sai dai mai hoton shi ya ari agogon, shi ya zaɓi tsayuwarsa. A sabon yayin nan, mu muke zaɓar masa.

Sannan sanyin zuciyar yana da farashi. A 2002 Kimberley Wade da abokan aikinta a New Zealand sun nuna wa mutum 20 hoton bogi na yarintarsu, suna cikin balan-balan mai tashi sama da mutane. Bayan an tattauna da su sau uku, rabinsu sun fara tuna tafiyar da ba a taɓa yi ba. Wannan hoto ne mara motsi. Ina ga bidiyo? Hausawa sun ce gani ya kori ji. Jikan da ya tashi yana kallon Hajiya tana runguma, labarin kunyarta da Goggo za ta ba shi ba zai zauna masa ba. Haka za mu wayi gari muna kewar mutumin da ba a taɓa yi ba.

Mafi muni shi ne murya. Ranar da aka sa wa mamaci magana a baki, an taɓa wasiyya da gado, an taɓa fatawar malamin da ba zai tashi ya musanta ba. A watan Oktoban 2025 Zelda Williams, 'yar ɗan wasan Amurka Robin Williams, ta roƙi jama'a su daina turo mata bidiyon mahaifinta na bogi. Idan wannan ya dami mai kuɗi da lauyoyi, yaya 'yar mai tsire a Briqueterie za ta yi?

Ba cewa nake a jefar da waya ba. Ra'ayina shi ne hoton mamaci amana ce a hannun masu rai, kuma amana tana da sharuɗɗa. Kafin ka taɓa, tambayi kanka ko da yana raye zai yi abin da za ka sa shi. Nemi yardar waɗanda suka fi ka kusanci da shi, matarsa da 'ya'yansa. Idan ka tura, rubuta ƙarara cewa na'ura ce ta yi, kuma ka haɗa da hoton asali. Magana kuwa, kada ka sa masa ko kalma ɗaya.

Zanen aro ba ya rufe katara. Abin da mamatanmu suke bukata daga gare mu addu'a ce, da faɗin gaskiya a kan yadda suka rayu. Mu ma watarana hoto za mu zama a hannun jikoki. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu faɗa hannun masu riƙon amana.