HADIMIN DA BA YA SALLAMA



Godiya ta tabbata ga Allah Mai suturta bayinSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan uwa, rubutun yau ya ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri ku kai ƙarshensa, domin abin da zan yi magana a kai yana cikin aljihun kusan kowannenmu.

Kwanakin baya muka zauna sulhu tsakanin wani bawan Allah da matarsa, daga wani ƙauye a ƙasar Kabo. A zaman nan an faɗi maganganun da ko iyayensu ba su taɓa ji ba: maganar rashin lafiya, maganar bashi, har da ta shimfiɗa. Allah Ya taimaka aka daidaita, muka rubuta sharuɗɗa da hannu, waliyyai suka ce a buga a ba kowane ɓangare nasa. Na shiga wani shagon buga takardu a cikin garin Gwarzo. Yaron shagon mai ladabi ne, ya buga tsaf, sai ya ce: "Allah gafarta Malam, bari in ba AI ya gyara mana rubutun, yanzu a cikin kwamfutar yake zuwa." Kafin in buɗe baki ya kwashe rubutun nan duka, da sunaye da komai, ya zuba masa.

Na ce: "Ɗana, ina ka kai takardar mutane?" Ya ce: "Ai tana nan Malam, cikin kwamfuta." Na ce: "To kashe intanet ka sake gwadawa." Ya kashe, abin ya ƙi aiki. Muka tsaya muna kallon juna. Ashe takardar ta riga ta yi tafiya, kuma magana zarar bunu ce.

Ban ga laifin yaron ba, taimako ya yi nufi. Laifin nawa ne, domin ni aka ba amana. Na koma na sanar da masu sirrin abin da ya faru, na nemi afuwarsu, kuma da izininsu nake ba da wannan labari ba tare da suna ba.

MENE NE WANNAN ABU?

A da, in kana son amfani da ƙirƙirarriyar basira, wato AI, kai ne za ka je ka same ta a shafinta. Yanzu kamfanoni sun gina ta a cikin babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar kanta. Microsoft ya sa Copilot a cikin Windows 11 tun 2023, a farkon 2024 har maɓalli na musamman ya yi masa a jikin sababbin kwamfutoci. Google yana maye gurbin tsohon mataimakinsa da Gemini a wayoyin Android. Apple yana da Siri da Apple Intelligence. Wayoyin da suka fi yawa a hannunmu ma suna da nasu: Tecno na da Ella, Infinix na da Folax. Wancan shuɗin zobe na Meta AI kuwa, tun watan Afrilun 2024 ya bayyana a WhatsApp ɗin 'yan Najeriya, ba wanda ya aika a kira shi.

Wato da baƙo ne da kake zuwa gidansa, yanzu ya zama hadimi da ke kwana a gidanka. To hadimi yana da hukunci a Musulunci.

HADIMIN DA MUKA SANI

Anas ɗan Malik (RA) ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara goma. Ya zo a Sahihu Muslim cewa wata rana Annabi ya aike shi, ya yi jinkirin komawa gida. Mahaifiyarsa Ummu Sulaim ta tambaye shi wane irin aike ne, ya gaya mata sirri ne. Ba ta matsa masa ba, sai ma ta ƙara masa ƙarfi kan kada ya faɗa wa kowa. Anas ya tsufa, ya koyar da ɗalibai masu yawa a Basra, amma wannan magana da ita ya koma ga Allah. Ka ga hadimi! Shi ya gane cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Duk da haka, dubi Suratun Nur, aya ta 58. Allah Ya umarci masu hidima a gida da yaran da ba su balaga ba su nemi izini a lokuta uku: kafin sallar asuba, da lokacin ƙailula sa'ad da ake tuɓe tufafi, da bayan sallar isha'i. Waɗannan fa 'yan gida ne, ba baƙi ba, amma an yi musu iyaka. Yanzu ka tambayi kanka: a waɗannan lokuta uku, ina wayarka take? Tana kan katifa, ko ƙarƙashin matashi, da kunnenta da idonta.

Kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'ad labarin mutumin da ya leƙa ɗakin Annabi (SAW) ta wata kafa. Annabi ya yi masa magana mai zafi, ya bayyana cewa saboda gani ne aka shar'anta neman izini. Ashe ba sai ka shiga da ƙafa ba, ido kaɗai ya isa ya keta hurumin gida.

ABIN DA YA TABBATA

Ba na son mu gina wa'azi a kan jita-jita, don haka ga abin da ya faru a bainar jama'a.

A watan Mayun 2024 Microsoft ya sanar da wani tsari mai suna Recall a sababbin kwamfutocinsa. Aikinsa shi ne ɗaukar hoton fuskar kwamfutarka bayan kowane 'yan daƙiƙu, ya adana, domin in ka manta wani abu ka tambaye shi ya nemo maka. Masana tsaron intanet suka bincika, suka gano cewa rubutun da yake tarawa a buɗe yake ajiye shi, duk wanda ya samu shiga kwamfutar zai iya kwashewa. Duniya ta yi ca, hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta nemi bayani. A watan Yuni kamfanin ya ɗage fitar da shi, ya sa masa makulli, ya mai da shi sai mai na'ura ya kunna da kansa, sannan ya sake shi a Afrilun 2025. Duk da wannan gyara, manhajar Signal ta toshe shi daga ɗaukar hoton hirarrakin masu amfani da ita a watan Mayun 2025.

Ka lura da wani abu a nan. In ni na kunna irin wannan a kwamfutata, kai kuma ka turo mini saƙo, hoton saƙonka ya shiga rumbun. Ni na yarda, kai wa ya tambaye ka?

A 2019 jaridar The Guardian ta bayyana cewa wasu ma'aikatan kwangila suna sauraron wani ɓangare na muryoyin da Siri ya naɗa, har da waɗanda ya naɗa bisa kuskure ba a kira shi ba. Apple ya nemi afuwa ya canza tsari, kuma a Janairun 2025 ya amince ya biya dala miliyan 95 don kashe ƙarar da aka shigar a Amurka, ba tare da ya amsa laifi ba. Shi kuwa Google da kansa ya rubuta a bayanin sirrin Gemini cewa mutane masu bita suna karanta wasu daga cikin hirarrakin, ya kuma ja kunne kada a shigar da abin da ba a so wani ya gani. Mai kaya ya faɗa maka gaskiya, mu ne ba ma karantawa. "Na amince" kawai muke dannawa mu wuce.

A nan gida, Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023, kuma a Yulin 2024 hukumar FCCPC ta ci tarar Meta dala miliyan 220 kan yadda ya yi da bayanan 'yan Najeriya. Doka tana ƙoƙarinta, amma doka ba ta tare da kai a shagon buga takardu. Tsoron Allah ne ke binka har can.

JAKI DA KAYAN RAƘUMI

Ɓangare na biyu shi ne nauyi. Wannan hadimi ba azumi yake ba, yana ci. Yana cin batir, yana cin data, yana cin wuri. Kwamfutocin da Microsoft ya ware wa waɗannan sababbin ayyuka sai masu RAM gigabait 16 zuwa sama. Mu kuwa ɗalibinmu na Getso ko Garo, da ƙyar ya tara kuɗin laftof ta hannu mai gigabait 4 ko 8. Windows 10 da yawancinsu ke kai, kamfanin ya daina tallafa masa kyauta tun 14 ga Oktoban 2025, kuma da yawa daga tsofaffin na'urorin ba su cika sharaɗin hawa Windows 11 ba. Apple Intelligence ma ba ya aiki a wayar da ta gaza iPhone 15 Pro.

To ka ɗora wa jakin kai taki kayan raƙumi, sannan ka ce jakin ne malalaci. Na'ura ta riƙa sanƙarewa, sai a ce maka ta tsufa, tafi Farm Centre ka sake wata. Ga kuɗin kira da data da hukumar NCC ta amince a ƙara da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Ga kuɗin caji a shago, a garin da wuta sai an gan ta. Banza ba ta kai zomo kasuwa, 'yan uwa. Abin da aka ce maka kyauta ne, da aljihunka da bayananka kake biya. Kuma ya tabbata a Bukhari cewa Allah Yana ƙin tozarta dukiya. Magidancin da ya ci bashi ya canza waya don ya samu AI alhali gidansa ba masara, ya binciki kansa.

SHIN HARAMUN NE?

A'a. Asalin abubuwan amfani halas ne har sai dalili ya hana. Yana taimaka wa ɗalibi, yana karanta wa makaho rubutu, yana fassara wa ɗan kasuwa wasiƙa. Wasu ayyukansa ma a cikin na'urar yake yin su ba tare da ya fitar da komai ba, kuma Meta ya ce saƙonninka da mutane a WhatsApp a kulle suke, abin da ka tura wa Meta AI shi yake gani. Kada mu riƙa yaɗa saƙonnin "a tura wa mutum goma" da ba mu tabbatar ba, domin Suratul Hujurat da ta hana bin diddigin asirin mutane a aya ta 12, ita ce ta umarce mu da bincika labari a aya ta 6.

Inda haramcin yake shi ne ka ɗauki sirrin wani ka miƙa inda bai ba ka izini ba. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir (RA) cewa in mutum ya yi maka magana sannan ya waiga, to maganar nan ta zama amana. 'Yar uwar da ta turo wa malami saƙon murya da tsakar dare tana kuka, waigenta ke nan. Kuma hadisin Abu Sa'id a Muslim ya yi gargaɗi mai tsanani kan yaɗa sirrin shimfiɗa tsakanin ma'aurata. Mai zuba labarin matarsa ga AI da sunan neman shawara, ya yi tunani.

SHAWARA

1. Sirrin da ba naka ba, kada ka ba AI. In dole ne, cire suna da gari da lambar waya da duk abin da zai nuna mai shi.

2. Malamai masu amsa fatawa, ma'aikatan asibiti da na kotu, masu unguwanni, da masu rabon gado: ku aka fi dora wa nauyi. Takardar da ta yi tsanani, rubutun hannu ya fi mata.

3. Masu shagon buga takardu, ku tambayi mai takarda kafin ku ba AI, kuma ku goge bayan an buga.

4. Ka shiga saitin wayarka ka duba me ka ba izinin makirfo, kyamara, saƙonni da lambobin mutane. Wanda ba ka buƙata, kashe shi. In ba ka iya ba, sa ɗanka ko ƙanenka ya nuna maka, ba abin kunya ba ne.

5. Gwajin da muka yi a Gwarzo kowa zai iya yi: kashe data ka gani. In ya ƙi aiki, to abin da kake ba shi fita yake.

6. Kafin ka sayar da waya ko kwamfuta, ko ka kai gyara, kwashe sirrinka da na mutane. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

7. Kada miji ko mata su mai da waɗannan kayan abin leƙen asirin juna. Haramcin bin diddigi bai tsaya a ƙofar ɗakin aure ba.

Daga ƙarshe 'yan uwa, ranar da na karanta labarin Recall sai jikina ya yi sanyi ta wata fuskar. Duniya ta tashi tsaye don na'ura za ta riƙa ɗaukar hoto bayan 'yan daƙiƙu, har kamfani ya ja da baya. Amma kowannenmu yana tare da mala'iku masu rubutu, kamar yadda Suratu Ƙaf ta sanar da mu, kuma Suratul Kahfi ta ba mu labarin littafin da bai bar ƙarami ko babba ba. Wannan ba shi da saitin da za a kashe, tuba kaɗai ke goge shi. Wanda ya suturta Musulmi kuwa, an yi masa albishir da suturar Allah duniya da lahira.

Ya Allah Ka rufa mana asiri duniya da lahira, Ka sa mu cikin masu riƙon amana, Ka yafe mana abin da muka tona na bayinKa da saninmu da rashin saninmu. Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.