Ko Ya Kamata Mutumin Kirki Ya Shiga Taron Ƙin Zalunci?

Tun muna yara aka hore mu da cewa bin na gaba bin Allah ne. Wannan magana gaskiya ce, gama garin da ba shi da shugaba kango ne. Amma ga wata tambaya da ya kamata ku 'yan makaranta ku auna: idan na gaban ne ya kauce hanya, har jama'a suka taru a ƙofar fada don su ce ba su yarda ba, mutumin kirki zai tafi ne, ko kuwa zai rufe ƙofarsa?

Bari mu duba abin da ya faru a Abeokuta, can ƙasar Yarabawa. Tun 1918 aka aza wa matan garin haraji, alhali kuwa babu mace ko ɗaya a majalisar da ke kashe kuɗin. Sarkinsu, watau Alake Ademola, Turawa sun danƙa masa ikon En'e duka shi kaɗai. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka riƙa ƙwace wa matan kasuwa shinkafarsu.

Akwai wata malama, Funmilayo Ransome-Kuti, matar shugaban babbar makarantar garin. Ita ba 'yar kasuwa ba ce, da ta so da ta yi zamanta lafiya. Amma wajen koya wa matan kasuwa karatu ta ji kukansu, ta ɗauke shi nata. Suka kafa ƙungiya a 1946, suka yi ta aika takardun kuka, ba a biya musu bukata ba. Da tura ta kai bango, a watan Nuwamba 1947 mata wajen 10,000 suka kwana a ƙofar fada suna waƙoƙi, ba mai riƙe da makami. A Disamba suka sake komowa. A 1948 aka dakatar da harajin mata, aka ba mata huɗu kujeru a majalisa. A Janairu 1949 Alake ya sauka daga gadon sarauta, bai komo ba sai ƙarshen 1950.

To, wani zai ce taro kamar wutar daji yake, mai kunna ta ba shi ke kashe ta ba. Wannan ma ba ƙarya ba ne. A 1929, da matan ƙasar Aba suka tashi saboda tsoron haraji, an fasa kantuna, an ƙone kotuna, sojoji suka harbe mata fiye da 50. Saboda haka ba mu ce kowa ya ji hayaniya ya bazama ba. Mai tafiya ya san abin da ya kai shi, ya tabbata an fara bin hanyar lalama ba ta ɓulle ba, ya kuma tsare hannunsa daga jifa da dukiyar mutane. Wanda ya je ƙin zalunci ya zalunci wani, me ya gyara?

Amma idan waɗannan sharuɗɗa sun cika, mu a ganinmu zaman gida ba tsare kai ba ne. Azzalumi yana ƙidaya masu shiru cikin masu yarda. Wanda ya maƙale a ɗaki kuwa, in an sami sauƙi da shi za a sha, kun ga ya ci gumin waɗanda suka kwana cikin raɓa. Tsayawa a fili shaida ce, ɓoye shaida kuwa laifi ne.

Ku da kuka sami ilmi, nauyin ya fi yawa a kanku, domin ku ne za ku karanta wa iyayenku doka, ku rubuta musu takardar kuka. Allah ya ba mu shugabanni masu adalci, ya kuma ba mu zuciyar faɗa musu gaskiya cikin ladabi, amin.