Ƙafar da Ta Ƙi Naɗewa

A zane-zane da yawa na addinin Buddha, za ka ga wanda aka zana ya tanƙwashe ƙafafu biyu, ya lumshe ido, ya nutse cikin tunani. Tara, wadda mabiya wannan addini a Tibet da Nepal ke ɗauka uwar tausayi, ba kullum haka take zama ba. A siffarta ta kore, ƙafar hagu kaɗai ce a naɗe. Ta dama ta sauko ƙasa, tafinta a kan ɗan furen bado, hannun dama kuma a kan gwiwa, a buɗe, alamar kyauta. Zama ne irin na uwar da ke hira a tabarma amma kunnenta na wajen jaririn da ke barci a ɗaka: da ya motsa, ta miƙe.

Wannan ƙafa ba son ran mai zane ba ce. Masu zanen thangka, wato hotunan addini na Tibet da ake zanawa a kan ƙyalle, suna ɗaure ƙyallen auduga a jikin katako, su shafe shi da farar ƙasa da danƙon fata, su goge da dutse har ya yi sumul. Daga nan su ja layukan awo da suka gada daga malamansu, kowace gaɓa da gwargwadonta. Koren jikin Tara daga dutsen malakit ake niƙo shi, a kan kuma yi mata ado da ruwan zinare. Ido ne ake zanawa a ƙarshe. Almajiri ba ya da ikon ya ce yau bari ya naɗe mata ƙafar don zaman ya fi kyau.

A ganina, nan hikimar take. Tausayin da ya tsaya a "Allah sarki" da girgiza kai ba shi da wuya, kowa ya iya. Mabiyan Tara kuwa sai suka ɗora ma'anar tausayi a kan gaɓar tafiya, suka kuma kafa mata doka, don kada wani ya zo baya ya mai da shi zaman jimami kawai.

Abin da mabiyanta ke neman tsari daga gare shi ma ba na cikin littafi ba ne. Abubuwan tsoro takwas ne: zaki, giwa, gobara, maciji, ɓarayi, ɗauri, ruwa da aljanu. Rabin lissafin nan fargabar fatake ce da matafiya a kan hanya. Malamin nan ɗan Bengal, Atisha, wanda ya isa Tibet a 1042 ya kuma yaɗa girmama Tara a can, shi kansa ya san wuyar tafiya: kafin ya haura duwatsun Himalaya, ya taɓa tsallaka teku zuwa Sumatra neman ilimi.