Sabon shiga zai iya tada ƙungiyar da ta faɗi?

Ƴan'uwa, a shekarar 2022 Kano Pillars ta faɗo daga rukunin manya na Nijeriya, ta koma a 2023. In haka ta sami ƙungiya, wa ya kamata a ba ragamarta? Mutane sukan ce sai tsohon hannu.

To, ku ji labarin Newcastle ta Ingila. A watan Afrilu 2009 tana bakin faɗuwa aka kira Alan Shearer, gwanin cin raga, wanda bai taɓa horar da ƙungiya ba. Wasa 8 ya jagoranta, ɗaya kaɗai ya ci, ƙungiya ta faɗi. Sai aka ɗora Chris Hughton. Shi ma ba a taɓa naɗa shi babban mai horarwa na dindindin ba. A 2010 ya mayar da ita sama da maki 102.

Ni a ganina su biyun ba ɗaya ba ne. Hughton ya yi shekara 14 yana cikin masu horarwa a Tottenham, yana kallo, yana koyo. Shearer suna ya kawo. Mu nan Keita mun san haka: tun 1984 da aka soma aikin raya fako, wanda ya daɗe yana jera duwatsu ya san inda ruwa ke bi, ko ba a taɓa kiransa shugaba ba.

Amma akwai hakkin da ke wuyan masu ƙungiya. A Disamba 2010, Newcastle tana ta 11 cikin 20, suka sallami Hughton, wai suna son wanda ya fi shi gogewa.