Hukuncin Ba Wa Na Waje Kalmar Sirrin Manhajar Kasuwanci

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Hanoukopé, cikin Lome. Ina sauke shinkafa da man girki a tashar jiragen ruwa, ina turawa Maraɗi da Yamai. Na biya lasisin mutum uku na manhajar da ke riƙe mana lissafin kaya da basussuka: ni da ɗana da yaron shago. Akantan da ke haɗa mini takardun haraji na hukumar harajin Togo, OTR, ba ma'aikacina ba ne, haka wakilina na Maraɗi, amma dukansu da kalmar sirrina suke shiga ta intanet. Wani mai gyaran kwamfuta kuma ya ce zai fasa manhajar kowa ya shiga kyauta. Ya halatta? Ribar da na ci a baya fa?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Alhaji, fasa manhajar haramun ne, kada ka kusance shi. Ba da kalmar sirri kuwa hukuncinsa yana rataye da sharaɗin da ka amince da shi ranar saye.

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait cikin Disamba 1988, ta zartar a ƙuduri na 43 cewa haƙƙin ƙirƙira da na wallafa dukiya ce da shari'a ta kare. Dokar Togo ta 1991 kan haƙƙin mallakar fasaha da Yarjejeniyar Bangui ta OAPI, ƙungiyar Afirka mai kare haƙƙin ƙirƙira, sun tafi a kan haka. Ayar farko ta Suratul Ma'ida ta wajabta cika alkawari, hadisin Abu Dawuda da Tirmizi kuma ya ɗaure Musulmi da sharuɗɗan da suka ƙulla. Ko da kamfanin da ya yi manhajar na Turawa ne, hakan ba ya sauke wannan nauyi. Malaman da suka sassauta kan kwafi, ɗalibi mai neman ilimi suke nufi, ba mai juya miliyoyin sefa ba.

Abin da ka saya izinin amfani ne, manhajar tana hannun masu ita. Imam Al-Ƙarafi a Al-Furuƙ ya raba mallakar amfani gida biyu. Akwai wanda kake da ikon miƙa wa wani, kamar gidan da ka kama haya. Akwai wanda aka ba ka kai kaɗai, kamar ɗakin ɗalibi a makarantar waƙafi, wanda ba ya da ikon sa ɗan haya a ciki. To, ka duba takardarka. Idan lasisin da sunan mutum aka yanka shi, na biyun ne: shigar akanta da sunanka saɓa sharaɗi ne, ko da kai kana barci a lokacin. Idan kuwa adadin masu shiga lokaci guda aka ƙayyade, kuma takardar ba ta hana na waje ba, babu laifi muddin ba a haura ukun ba.

Ƙofar halal a buɗe take, kuma sau da yawa ba ta da tsada. Misali, Microsoft na ba masu manhajarsa ta Business Central lasisin akantan waje har uku ba tare da ƙarin kuɗi ba, yana kuma da lasisi mai rahusa ga wanda aikinsa dubawa ne da ƙananan gyare-gyare. Kamfanin manhajar Odoo na barin abokan ciniki su ga rasitansu da odarsu ta ƙofar baƙi kyauta, yana kuma da nau'in Community da aka sake wa kowa. Ka tambayi dillalin da ya sayar maka ko taka tana da irin wannan. Idan wakilin Maraɗi yana shigar da ciniki kullum, lasisi cikakke ya kamace shi. In hali bai kai ba, ɗanka ya riƙa fitar musu da rahoto yana aikawa.

Akwai kuma amana. Manhajar tana rubuta sunan wanda ya taɓa kowane lissafi. Ranar da buhu ɗari suka ɓace a rubuce, ko aka goge bashin wani, sunanka za a gani, babu mai shaidar hannun wa ne. Wannan ya rushe hikimar rubuta bashi da aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta koyar, ya kuma buɗe asirin masu cin bashinka ga wanda bai kamata ya gani ba.

Ribarka halal ce, domin daga shinkafa da mai ta fito, cinikinsu kuma ingantacce ne. Abin da ke wuyanka, in lasisin na suna ne, shi ne tuba da kuɗin amfanin da aka yi ba izini. Ka canza kalmar sirri yau, ka gaya wa dillalin gaskiyar watannin da aka yi, ka biya abin da kuka daidaita. In masu haƙƙin sun yafe, ka kuɓuta.

Allah ne mafi sani.