NADAMAR DA MAI HAƘƘI BAI JI BA



'Yan uwa, yau labarin wani dattijo zan ba ku, da wani fim da yake mutuwar so, da wata magana da ta tsaya min a wuya shekara da shekaru. Kafin wani ya ce Malam ya sauka daga layi: ba fatawa nake bayarwa a kan kiɗa ba. Saɓanin malamai a kansa sananne ne, kuma ba shi ne ya zaunar da mu yau ba.

Lokacin da nake karatu a Alƙahira Turancina ya yi rauni ƙwarai, sai wani abokina ya haɗa ni da wani dattijo a unguwarmu, tsohon malamin Turanci da ya yi ritaya. Ammu muke ce masa, wato Baffa. Shi kuma yana ce min "ya Shaikh", in tsokana ta motsa ya ce "ya Maulana". Falonsa cike yake da kaset-kaset da faya-fayai na wani irin wasan daɓe da ake saƙa labarinsa da waƙoƙi, wanda ake yi a manyan gidajen wasa na Landan da New York, daga baya a mayar da shi fim: The Sound of Music, West Side Story, The King and I, da ire-irensu. Ya san shekarar da kowane ya fito, ya san wace waƙa aka cire da aka zo yin fim, wace aka canza wa wuri. Ban taɓa ganin mutum yana son abu da ilimi haka ba, in ka ɗebe masu haddar mutun.

Amma sarki a cikinsu a wajensa shi ne My Fair Lady, kuma da shi yake koya min furuci.

Ga labarin a taƙaice. Henry Higgins farfesa ne na ilimin furuci, ku ɗauka malamin makharijul huruf ne amma na Turanci. Ya ci karo da wata yarinya mai tallar furanni a kasuwar Covent Garden da ke Landan, sunanta Eliza Doolittle, tana magana da harshen talakawan birnin, wanda masu kuɗi ke toshe wa kunne. Ya yi caca da abokinsa Kanar Pickering cewa cikin wata 6 zai gyara mata harshe har manyan gari su ɗauka 'yar sarauta ce. Ya kuwa yi. Ta sha wuya, dare da rana tana maimaita haruffa, ta je babbar liyafa a ofishin jakadanci, ba wanda ya gano ta. Da suka dawo gida, maza biyun nan suka zauna suna taya juna murna, ita tana tsaye a gefe kamar kujera. Ko sannu. Da ya dawo neman silifas ɗinsa, ta ɗauka ta jefe shi da su, kafin gari ya waye ta bar gidan.

Asalin labarin na George Bernard Shaw ne, marubuci ɗan ƙasar Ireland, a wasansa Pygmalion da aka fara nunawa a 1913, aka kawo shi Landan a 1914. A wajen Shaw, Eliza ba ta koma ta zauna da Higgins ba. Da ya ga 'yan wasa da 'yan kallo sun nace sai sun haɗa su soyayya, sai ya rubuta dogon ƙarin bayani a 1916 yana cewa wani saurayi mai suna Freddy ta aura, suka buɗe shagon furanni. Bai yi nasara ba. Fim ɗin da aka yi a Ingila a 1938 ya dawo da ita gidan Higgins. Shaw ya mutu a 1950, a 1956 kuma Alan Jay Lerner da Frederick Loewe suka mayar da wasan mai waƙoƙi a New York, suka bi ƙarshen fim ɗin. Sai da aka nuna shi sau 2,717 a jere. Fim ɗin 1964, wanda Rex Harrison da Audrey Hepburn suka fito a ciki, ya ci kyautar Oscar 8. Har Misirawa sun yi nasu a 1969, Sayyidati al-Jamila, na Fu'ad al-Muhandis da Shuwaikar, wanda Ammu ke cewa dariya kawai ake samu a ciki.

Wani abin mamaki da shi ya nuna min: fim ne a kan murya, amma muryar da ake ji a mafi yawan waƙoƙin Eliza ba ta Hepburn ba ce, ta wata mata ce Marni Nixon, kuma ba a rubuta sunanta a fim ɗin ba. Ya faɗa yana girgiza kai, sannan ya sake kunna waƙar.

To, a kan ƙarshen nan muka saɓa.

Yadda yake shi ne: bayan Eliza ta gaya wa Higgins cewa za ta iya rayuwa ba tare da shi ba, sai ya kama hanyar gida shi kaɗai yana wata waƙa, rabi rerawa rabi magana, yana kokawa da kansa, yana yarda a hankali cewa ya saba da ita, rashinta ya taɓa shi. Ya shiga ɗaki, ya kunna na'urar da ya naɗi muryarta ranar da ta fara zuwa. Sai ga ta ta shigo. Me ya ce mata? Ya miƙe ƙafa a kujera, ya ja hula ya rufe fuska, ya tambaye ta inda silifas ɗinsa suke. Shi ke nan, fim ya ƙare.

Na ce, "Ammu, wannan ai zalunci ne aka yi masa ado da kiɗa."

Ya ce, "Ya Maulana, kai alƙali ne ko ɗan kallo? Ta same shi yana sauraron muryarta, ta gane. Akwai mazan da nan ne iyakar inda harshensu ke kaiwa." Ya yi shiru, sannan ya ce shekara 41 ya yi da matarsa kafin ta rasu, tare suke kallon fim ɗin nan, kuma duk sanda aka zo waƙar sai ta juyo ta dube shi. Ya ce, "Ban taɓa ce mata komai ba. Shi nake bari ya faɗa min."

Wallahi ban iya ba shi amsa ba a ranar, kuma har yau ba na raina hujjarsa. Soyayyarsa ga wasan nan ba wasa ba ce. Mutum ne da ya sami wanda zai furta abin da girman kai ya hana shi furtawa, ya riƙe shi hannu bibbiyu. Kuma gaskiya ne cewa tsakanin mutanen da suka daɗe tare akwai fahimtar da ba ta jiran kalma.

Amma ga abin da na gano daga baya. Waƙar nan a titi aka yi ta. Mu 'yan kallo ne muka ji nadamar Higgins, Eliza ba ta nan. Mu muka ga zuciyarsa ta yi laushi, mu muka yafe masa, muka kuma tashi muna ganin an daidaita. Ita abin da kunnenta ya ji shi ne maganar silifas. Wato an biya bashin ga wanda ba shi ne ya bayar ba. Aikin waƙa ke nan a irin waɗannan wasanni: tana buɗe maka cikin mutum har ka manta cewa wanda aka zalunta ba ya ganin abin da kake gani. Malamanmu sun bambance tsakanin laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, da wanda ya shafi haƙƙin wani bawa. Na biyun, kuka cikin dare bai wadatar ba sai an je wa mai haƙƙi. Na karanta wannan a littafi tun ina yaro. Ban gan shi da ido ba sai a ƙarshen fim ɗin nan, kuma ko a lokacin ban ɗauka da ni ake ba.

Bayan na dawo gida, akwai wani yaro mai tura baro a kasuwa da yake zuwa karatun bayan magariba. Muryarsa mai kyau, amma ba ya raba sin da sad, balle a je ga dad. Na ɗauke shi na musamman. Shekara 4 ina zaune da shi, harafi bayan harafi, har aka kai ranar da ya zo na ɗaya a wata musabaƙa. Ranar mutane suka yi ta miƙo min hannu: "Malam, barka, aikinka ya yi kyau." Na yi ta karɓa. Ban tuna na juya na ce masa sannu da ƙoƙari ba, shi da yake tashi tun kafin asuba yana tilawa sannan ya tafi tura baro.

Bayan wata 'yan watanni ya zo ya durƙusa ya ce, "Malam, ina neman izini, ina so in koma wajen Malam wane in karanta ƙira'o'i." Bai yi rashin ladabi ba ko kaɗan, kuma ni na san ba fannina ba ne. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "To, Allah Ya taimaka. Ka dai tuna yadda na tsince ka."

Tsince ka. Kamar kwabo a hanya.

Malami yana da haƙƙi a kan ɗalibi, ba mai musun wannan: girmamawa, addu'a, ambato da alheri. Amma wanda ka koya wa harafi bai zama kayanka ba. Higgins ya ɗauka shi ya ƙera Eliza, shi ya sa Shaw ya ba wasan sunan wani masassaƙi a tatsuniyar Girkawa da ya sassaƙa mace da hannunsa sannan ya kamu da sonta. Ita kuwa Eliza cewa ta yi ba a darasin furuci ta fara jin ita mutum ce ba, a yadda Pickering ya riƙa girmama ta ne tun ranar farko. Suratul Baƙara ta gargaɗe mu cewa gori yana ɓata sadaka, kuma na sha yin wa'azi da ayar a kan masu kuɗi. Ban taɓa kawo malamai a ciki ba.

Na yi nadamar kalmar tun a daren. Na yi istigfari, na gaya wa maiɗakina, har na taɓa kawo labarin a wani karatu ba tare da suna ba, mutane suka yi ta jinjina tawali'un Malam. Ku duba fa, ita ma waƙar titi ce. Kowa ya ji ban da shi. Shekara 2 ana haka, yana gaishe ni duk sallah, ina amsawa da fara'a, ina ce wa raina ai ya gane.

Watan jiya aka aiko min cewa Ammu ya rasu. Allah Ya jiƙansa, Ya haɗa shi da matarsa a Aljanna. Na zauna ina tuna yadda ya ce shi yake bari ya faɗa masa, sai na ɗauki waya na kira yaron. Na ce, "Ranar da ka zo neman izini na faɗa maka magana mara kyau. Ka yafe min. Kuma musabaƙar nan, ƙoƙarinka ne."

Ya yi shiru har na duba ko layin ya yanke. Sannan ya ce, "Haba Malam, ba komai wallahi." Ya sake yin shiru, ya ce, "Amma na daɗe ina tunanin maganar."