Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Tsokaci Kan Koyon Turanci Ta Bidiyo



A 'yan shekarun nan matasanmu, maza da mata, sun duƙufa wajen koyon Turanci ta bidiyon YouTube da TikTok da Facebook. Yaro zai sayi data da ɗan abin da ya samu, ya bi malamin da bai taɓa haɗuwa da shi ba, yana maimaita kalmomi da salon maganar Turawa. Ni ina murna da wannan himma. A Najeriya ba ka shiga jami'a sai da kiredit a Turanci a WAEC ko NECO, kuma a JAMB darasi ne na dole ga kowa. Takardar asibiti da ta banki da ta kotu duk da shi ake rubuta su. Wanda bai iya ba, wani ne zai karanta masa, kuma sai abin da aka ga dama a faɗa masa.

Koyon harshen wasu ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Manzon Allah (SAW) ya umarci Zaidu bin Sabit (RA) ya koyi rubutun Yahudawa saboda wasiƙun da ke tsakaninsa da su, kuma ya iya cikin kimanin rabin wata. Ku lura da dalilin: ana so a san ainihin abin da aka rubuto, a kuma tabbatar abin da aka aika shi ne abin da ake nufi. Amana ce ta sa aka koyi harshen. To da wannan ma'auni nake so mu auna namu koyon.

Tambayata ita ce: mutum yana da alhakin maganar da ya furta alhali bai san nauyinta ba?

Ga misali. Bidiyon daƙiƙa talatin zai ce maka "kick the bucket" yana nufin mutuwa, ka haddace, a wuce zuwa na gaba. Abin da ba a tsaya an gaya maka ba shi ne, wannan magana ta barkwanci ce, ta shaƙiyanci. Kamar Bahaushe ne ya ce wane ya sheƙa barzahu. Yanzu a ce mahaifin abokin aikinka ya rasu, ka ɗauki waya ka tura masa gaisuwa da wannan jimlar don a ga ka iya Turanci. Niyyarka ta'aziyya, abin da ya isa gare shi kuwa cin fuska ne a ranar da zuciyarsa take a karye. Mu da muke cewa ya riga mu gidan gaskiya, ko Allah Ya yi masa rasuwa, mun san bambancin da ke tsakanin waɗannan da waccan. Su ma Turawa suna da irin wannan bambanci, wajen ta'aziyya "passed away" suke cewa.

Wani zai ce, ai bai sani ba, Malam. Haka ne, kuma Allah Mai rahama ne ga wanda ya yi kuskure ba da gangan ba. Amma a ganina uzurin rashin sani yana raguwa ga wanda yake da halin tambaya ya ƙi. Wayar da ka kalli bidiyon da ita, ita ce kuma take ɗauke da ƙamus. Sannan ko an yafe maka laifin, ciwon da ka sa wa ɗan uwanka yana nan. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Salon magana ba kamar sunan tebur ko kujera ba ne da za ka cire na wancan harshe ka sa na wannan. Kowanne yana ɗauke da tarihin mutanensa da tunaninsu. Bature yakan ce "touch wood", har ya taɓa katako, wai don kada abin da yake fata ya lalace. Wannan canfi ne, kuma Musulmin da yake da In sha Allah a bakinsa ba ya buƙatarsa. Akwai kuma zage-zage da kalaman batsa da yaranmu ke kwasowa daga fina-finai da waƙoƙi, suna jefa su gaban iyaye da malamai suna dariya. Da za a mayar musu da maganar zuwa Hausa, wallahi da yawansu ba za su iya ɗaga kai ba. Kunyar da ta hana ka faɗin abu da Hausa, ita ya kamata ta hana ka faɗinsa da Turanci.

Amma fa kada mu wuce gona da iri, mu mayar da kowace kalma abin zargi. Sunan ranar Alhamis a Turanci daga sunan wani abin bautar mutanen arewacin Turai na dā, Thor, ya samo asali, watan Janairu kuma daga Janus na Rumawa. Yau ba wanda yake nufin bauta idan ya rubuta kwanan wata. "Devil's advocate", wato lauyan Shaiɗan, asalinsa muƙami ne da Cocin Katolika ta kafa a 1587, na mutumin da aikinsa shi ne kawo hujjoji a kan wanda ake son ɗaukakawa zuwa matsayin waliyyi. Yanzu ma'anarsa kawai wanda ya ɗauki ɓangaren adawa a muhawara don a gwada ƙarfin hujja. "Goodbye" da kowa ke faɗa, asalinsa addu'a ce, Allah Ya kasance tare da kai. Har ma za ka tarar kalmominsu na aljabara da sukari da auduga ta hanyar Larabci suka shiga harshen. Kun ga ashe sani ne ke raba mutum da tsoron banza, shi ne kuma ke hana shi faɗawa rami.

Inda matsalar take shi ne gaggawa. Mai gajeren bidiyo yana neman masu kallo, don haka yakan zaɓo maganganu masu ban mamaki, goma a minti ɗaya, ko da masu harshen ba su cika amfani da su ba. Shi kuma ɗalibi wani lokaci burga yake nema, a ce wane ya iya. Daga nan sai ka ga ya fara yi wa wanda bai yi boko ba kallon raini, har da dattijon da ya haddace Alƙur'ani. Zanen aro kenan, an yafa amma katara a waje.

Shawarata ga duk mai koyo: kafin sabuwar magana ta hau harshenka, ka tambayi kanka, me take nufi, wa ake faɗa wa ita, kuma a wane wuri? Ka duba ƙamus irin na Oxford ko Cambridge ko Longman, suna sa alama a gefen kalma in ta wasa ce, ko ta kan titi, ko ta zagi. Ka fifita darasin da ke kawo maganar cikin cikakkiyar hira a kan wanda ke jero su kamar lissafin cefane. Sannan ka gwada mayar da ita Hausa. Idan ba za ka iya faɗa wa mahaifinka fassararta ba, to ka san ma'anarta don kada a zage ka kana murmushi, amma ka bar ta a nan. Magana biyar da ka san zurfinsu sun fi maka ɗari da ka haddace kamar aku.

Iyaye, ku ma ku riƙa tambayar yaranku, wannan da ka faɗa me yake nufi da Hausa? Tambaya ce ƙarama, amma tana tarbiyya.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya tsare mana harsunanmu daga abin da za mu yi nadama a kansa. Wallahu a'alam.